Hoton Da Inna Ta Ɓoye

A bangon ɗakin Innarmu akwai wani hoto da muka buɗe ido muka tarar da shi a rataye. Baƙi da fari ne, cikin firam na katako, ƙura ta shiga tsakaninsa da gilashin. Inna tana zaune bisa kujera, ta miƙe wuya, ta ɗaura ɗankwali har gab da gira. A gefenta akwai ɗan tebur da rediyo a kai, rediyon kuwa ba namu ba ne, na mai hoton ne. A cinyarta akwai jaririya sanye da farar riga. Inna ba ta duban jaririyar. Gabanta take duba, fuska a ɗaure kamar wadda aka kira gaban alƙali, da hannu ɗaya kaɗai ta tare yarinyar don kada ta faɗi.

Mu huɗu ne muka rayu cikin 'ya'yanta, maza biyu mata biyu. Dukanmu mun san jaririyar nan yayarmu ce, 'yar farin Inna, wadda ta rasu a shekarar 1974 tun ba a haifi ko ɗayanmu ba. Iyakar abin da muka sani ke nan. A wajenmu, can ƙasar Malumfashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta zauna tana ba da labarinsa. Mu kuma ba mu tambaya ba. Amma bari mu faɗi gaskiya ko da ba daɗin ji. Shekara da shekaru muna duban hoton nan muna cewa a zuci, Inna mace ce mai taurin rai. Gama ba mu taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka binne Baba a 2016.

Ranar da ɗaki ya yi yoyo

Cikin watan Agusta na 2023 muka taru a gida domin bikin auren ɗan kawunmu. Inna ta tafi gidan bikin taya mata girki, can ta kwana. A daren aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin kwanon ɗakinta ya yi yoyo daidai kan tsohon akwatin ƙarfen da ta zo da shi gidan aure. Da gari ya waye muka ce bari mu fitar da kayan mu shanya kafin su yi funfuna. Ba mu nufi kome ba sai alheri.

Muka fitar da zannuwa, da rigunan zumuntar mata, da katin awo na kowannenmu da ta adana. Can ƙasa muka iske wani tsohon ɗankwali a naɗe, cikinsa leda, cikin ledar ambulan. Autarmu ce ta buɗe. Hoto ne guda ɗaya, da wani ɗan yankin fim mai kusurwa huɗu, watau abin da ake kira dodon hoto.

Kujerar dai ita ce, rediyon shi ne, farar rigar jaririyar ita ce. Amma matar da ke zaune ba mu taɓa ganinta ba. Ta sunkuya, ɗankwalin ya zame baya, kumatunta ya kusa taɓa kan yarinyar. Da hannu biyu ta rungume ta. Bakinta a ɗan buɗe, sai ka ce tana gaya mata wata magana a kunne. Haske ya shigo ta gefe ɗaya ya sauka a rabin fuskarta, ɗaya rabin yana cikin inuwa, a idon da hasken ya samu kuwa akwai ruwa yana ƙyalli. Hannun jaririyar ya damƙi wuyan rigarta, ya ɗan dushe domin yana motsi. Yarinya ce ƙarama wadda ba ta cika shekara 20 ba, tsoro ya cika ta, ƙauna ta fi ƙarfinta.

Muka tsaya a tsakar gida ba mai cewa uffan. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ashe mu fuskar bango kaɗai muka tambaya.

Daga nan ne muka yi kuskure. Auta ta ɗauki waya ta ɗauki hoton hoton. Ta sa shi cikin wata manhaja mai zuba wa tsofaffin hotuna kala, kafin ƙiftawar ido zanen Inna ya zama shuɗi, fatarta ta yi sumul, ɗakin ya yi haske. Ta ce za ta aika wa dangi ta WhatsApp, kowa ya ga kyan Inna da ƙuruciya. Ba wanda ya hana ta. Tana cikin rubuta 'yan kalmomin da za ta haɗa da shi, sai muka ji sallamar Inna.

Ta dubi akwatin a buɗe, ta dubi ambulan ɗin a hannunmu. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

"Wa ya ba ku?" Abin da ta ce ke nan.

Auta ta miƙa mata wayar da rawar murya, ta ce, "Inna, dubi yadda kika yi kyau."

Ta daɗe tana duba, sa'an nan ta ce, "Wannan wace ce? Zanena kore ne. Wannan kuwa ba ta san kome ba."

Ta karɓi ambulan ɗinta ta shige ɗaki, ta saki labule. Kwana biyu tana gaishe mu muna gaishe ta, ta dafa ta zuba mana, amma ba hira.

Gardamar da muka yi da dare

A daren farko muka zauna a zaure muka yi ta gardama. Biyu daga cikinmu suka ce hoto mai kyau irin wannan bai kamata ya ruɓe a gindin akwati ba, ai tarihin gida ne, jikoki suna da hakki a kansa. Biyu suka ce abin da muka yi bai da bambanci da leƙen mutum a banɗaki. A cikinmu akwai malamin makaranta, wan Auta, wanda ya daɗe yana wasa da kyamara yana kuma karanta labarin masu hoto na dā. Shi ya yi ta warware mana abubuwan da za mu gaya muku yanzu, domin sun taimake mu.

Da fari ya ce kada mu raina hoton bango. A zamanin nan mutum ba ya zuwa shagon hoto sai ya shirya, gama abu ne mai tsada, wataƙila sau ɗaya ko biyu zai yi shi duk rayuwarsa. Ya ba mu misalin Seydou Keita na Bamako ta ƙasar Mali, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hoto a 1948. A tsakar gida yake aiki da hasken rana, yana da rediyo, da agogo, da alƙalami, da babur, waɗanda yake ara wa masu zuwa su riƙa ko su jingina, yawanci kuma sau ɗaya tak yake ɗaukar kowane mutum domin tattalin fim. Mutane suna zuwa ne su nuna mutuncinsu, su aika wa dangi a ƙauye su ga ba su lalace a birni ba. Irin wannan hoto ba ƙarya ba ne. Gaskiya ce wadda mutum ya zaɓa ya nuna. Laifinmu ne da muka ɗauka ita ke nan duka.

Sa'an nan muka tambaye shi, me ya sa na ambulan ɗin ya taɓa mu haka, mai kalar kuwa ya zama kamar tallar sabulu? Ya ce kala tana jan ido zuwa ga kaya. In an nuna wa mata hoton biki mai kala, tambayar farko ita ce wace atamfa ce wannan. In an cire kala, ba abin da ya rage sai haske da inuwa, ido kuma ba shi da wurin zuwa sai fuska da hannuwa. Hasken da ya shigo daga gefe kuwa yana fito da kowane layi na fuska, kamar yadda rana da sassafe take fito da kunyoyin gona ɗaya-ɗaya, da tsaka kuwa ka ga gonar a shimfiɗe kamar faifai. Manhajar Auta ba ta san launin zanen ba, cinta ta yi. Ta kuma goge layukan goshin nan a kan datti ne, alhali kuwa a cikinsu labarin yake.

Amma ya ƙara da cewa rashin kala kaɗai ba ya sa hoto ya yi magana, gama na bangon ma baƙi da fari ne. Bambancin shi ne lokacin da aka danna. A ɗaya mutum yana tsaron kansa, a ɗayan ya manta da kansa. Duk wani gwanin hoton fuska wannan ɗan lokaci yake farauta, hanyoyin samunsa kuwa ba ɗaya ba ne.

Akwai masu ƙwace shi da ƙarfi. Ran 30 ga Disamba 1941, a birnin Ottawa na Kanada, aka ba wani mai hoto, Yousuf Karsh, 'yan mintoci ya ɗauki Winston Churchill, Firayim Ministan Birtaniya, bayan ya gama jawabi a majalisar dokoki. Churchill ya ƙi ajiye ƙatuwar tabar da yake sha. Karsh ya matso kamar zai gyara wani abu, ya fizge tabar daga bakinsa, ya koma ya danna. Fushin da ya bayyana a fuskar ya sa hoton ya zaga duniya ana cewa ga jarumin da ya ƙi durƙusa wa Hitila, har a 2016 aka sa shi a takardar fam biyar ta Ingila. Amma Churchill babban mutum ne, fushinsa ƙara masa kwarjini ya yi. Ina labarin wanda abin da aka kama a fuskarsa rauni ne?

Nan ya ba mu labarin da ya kashe gardamar. A watan Maris na 1936, sa'ad da tattalin arzikin Amurka ya karye, gwamnatin ƙasar ta aiki masu hoto su nuna halin da talakawan karkara suke ciki. Ɗaya daga cikinsu, wata mace mai suna Dorothea Lange, ta biya ta wani sansanin 'yan ci-rani masu tsinkar wake a Nipomo ta jihar Kalifoniya. Sanyi ya lalata amfanin gonar, ba aiki, ba abinci. Ta iske wata mata 'yar shekara 32, uwar 'ya'ya bakwai, a ƙarƙashin wani yagaggen tanti. Cikin kamar minti goma ta ɗauke ta 'yan hotuna ta shiga mota ta wuce. A wanda ya fi shahara, matar ta ɗora yatsu a haɓa tana duban nesa, yara biyu sun jingina da kafaɗunta sun juya baya, jariri yana barci a cinyarta. Wata jaridar San Faransisko ta buga hotunan, gwamnati ta aika da abinci mai nauyin laba 20,000 zuwa sansanin. Amma kafin ya iso, matar da iyalinta sun riga sun yi gaba.

Hoton ya shiga littattafai da jaridu ba iyaka, ba wanda ya san sunan mai fuskar, gama Lange ba ta rubuta shi ba. Sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ta a garin Modesto. Sunanta Florence Owens Thompson. Ta ce da ma ba a ɗauke ta ba, ko kwabo ba ta samu daga hoton ba, a fahimtarta kuma ba za a buga shi ba. Shekara 42 duniya tana kallon talaucinta tana yabon gwanintar wata. A 1983 ta kwanta ciwo, 'ya'yanta suka nemi taimako, mutane da yawa da hoton ya taɓa suka aiko da wasiƙu da kuɗi, har iyalin suka fara ganin abin da wani ido. Cikin watan Satumba na shekarar ta rasu.

Muka yi shiru. Hoton ya ciyar da mayunwata, wannan gaskiya ne. Ya kuma tsirara wata uwa ba da yardarta ba, wannan ma gaskiya ne. Mu kuwa ba mayunwatan da za mu ciyar, sha'awa ce kawai ta ɗebe mu. Auta ta fara kuka.

Abin da Inna ta gaya mana

A rana ta uku da yamma muka shiga ɗakinta mu huɗu, muka durƙusa. Babban wanmu ya ce, "Inna, mun yi miki laifi. Ki gafarce mu." Auta ta goge hotunan biyu daga wayarta a gaban idonta, na kalar da na asalin.

Inna ta ce, "Ku zauna." Ta jawo ambulan ɗin daga ƙarƙashin matashi.

"Ƙyanda ce ta kama ta da bazara," in ji ta. "Ƙurajen suka bushe, kowa ya ce ta warke. Amma tarin bai sake ta ba, nono ma ba ta kamawa sosai. Ni da nake goya ta na san nauyinta yana raguwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, wa zan gaya wa? Kakarku tana tsakar gida, kishiyoyinta suna nan. In na ɗauke ta na daɗe ina dubanta sai a ce yarinyar nan ba ta da kunya. Sai na sayar da kajina uku, na ce zan kai ta asibiti a Funtuwa. Na kai ta kuwa, aka ba mu magani. Da muka fito na tambayi inda mai hoto yake. Na ce a raina, in ta tafi, kada in manta kamanninta."

Mai hoton wani dattijo ne mutumin kudu, Hausarsa kaɗan-kaɗan. Kyamararsa irin mai ido biyu ce da ake ratayawa a ƙirji, mutum ya sunkuya yana duba cikinta ta sama. Ya zaunar da Inna kusa da ƙofa, ya gyara mata ɗankwali, ya kawo rediyo, ya ce kada ta motsa. Ta ɗaure fuska kamar yadda ya kamata 'yar mutunci ta yi a gaban baƙon namiji. Ya danna. Nan take tari ya sarƙe yarinyar.

"Na manta da shi," in ji Inna. "Ai ba ni yake kallo ba, kansa yana ƙasa. Na ji abin ya sake yin ƙara, na ɗauka gyara yake yi."

Fim ɗin irin wannan kyamara hoto 12 yake ɗauka, ba a kuwa wanke shi sai ya cika, saboda haka ya ce ta dawo bayan mako biyu. Kwana tara da yin haka yarinyar ta cika. Sai da aka yi wata guda Inna ta sami ƙarfin komawa.

"Ya ba ni wancan na bango. Ya ce, yaya yarinya? Na ce ta koma. Ya yi shiru, ya cire hularsa. Ya shiga bayan labule ya daɗe. Da ya fito sai ya miƙo mini wannan. Ya ce, 'yata, na ɗauke ki ba ki sani ba. Tun da na fara aikin nan ban yi wanda ya kai shi kyau ba, na yi niyya in sa shi a gilashin ƙofar shago mutane su gani. Amma ba nawa ba ne, naki ne. Ya ɗauko almakashi ya yanko dodon daga cikin sauran, ya haɗa mini. Na kwance bakin zane zan biya, ya ce a'a."

Wanmu malami ya sunkuyar da kai, gama shi ya fi mu sanin nauyin abin da dattijon ya yi. Daga baya ya bayyana mana. Fim ɗin baƙi da fari an shafe shi ne da wani irin danƙo gauraye da gishirin azurfa. Inda haske ya sauka da yawa, nan yake yin baƙi bayan an wanke shi cikin magani. Shi ya sa a jikin dodon kome a juye yake, farar riga baƙa, baƙar fuska fara, har yara su tsorata. Sai an haska shi bisa takarda ta musamman a ɗaki mai duhu kafin kome ya koma daidai. Azurfar nan ce ta sa hoton 1974 yake nan garau, namu masu kala na shekarun 1980 kuwa, da yake rini ne, duk sun koɗe sun yi ja. Abin lura shi ne, a zamanin nan kowane kwafi daga jikin dodon yake fitowa, masu hoto kuwa ba su cika rabuwa da shi ba, gama shi ne jarinsu. Wanda ke riƙe da dodo shi ke da hoto. Dattijon nan ya ga abin da ba a nuna masa ba, ya gane darajarsa, ya mayar wa mai shi duka, bai rage wa kansa kome ba.

Muka ce, "Inna, Baba ya taɓa ganinsa?"

Ta girgiza kai. A nan ne muryarta ta karye.

"Babanku ne ya sa wancan a firam ya rataye. Sau da yawa da dare nakan farka in gan shi tsaye a gabansa da fitilar ƙwai, ya ɗauka barci nake. Shi yana nasa kukan a can, ni ina nawa a nan, a ɗaki ɗaya. Kullum ina cewa gobe zan nuna masa. Na sani ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wannan na riƙe shi ya wuce kima. Da na nuna masa."

A ranar muka ga hawayen Inna. Ba wanda ya tuna da waya.

Hoto na uku

Da Kirsimetin shekarar muka sake taruwa. Washegari da safe Inna ta kira wanmu malami ta ce, "Ka zo da abin hoton naka?" Ya ce ya zo da shi. Ta ce, "Ina so ka ɗauke ni. Irin na dā, ba mai kala ba."

Bai kai ta ko'ina ba. Ya ajiye mata kujerarta 'yar tsugunno a bakin ƙofar ɗaki, inda hasken safe yake shigowa ta gefe. Ya kashe fitilar kyamarar, domin haskenta yana dukan fuska ta gaba ya shafe kome. Ya sa biyu daga cikinmu suka riƙe farin zane a gefen inuwa don ya ɗan mayar da haske, kada rabin fuskar ya ɓace cikin duhu. Bai ce ta yi murmushi ba, bai ce ta gyara zama ba. Ya zauna a tabarma ƙasa da ita, ya ɗora kyamarar a gwiwa, muka yi ta hira. Aka yi maganar gero, da tsadar taki, da jikan da ya ƙi makaranta. Fiye da rabin awa bai danna ba.

Can sai ta sa hannu cikin zane ta fito da ambulan ɗin. Ta zaro hoton ta kifa shi a ƙirjinta, bayansa yana fuskantarmu. Ta dubi waje, ta kira sunan yayarmu. Tun da aka haife mu ba mu taɓa jinsa daga bakinta ba. Ba za mu rubuta shi a nan ba.

Wanmu ya ce a hankali, "Inna, in ɗauka?"

Ta gyaɗa kai ba tare da ta juyo ba.

Kwafi biyar aka wanke, ɗaya nata, ɗaya-ɗaya namu. Da ya kawo su, ya zare ɗan katin kyamarar ya miƙa mata ya ce, "Inna, ga dodon." Ta yi dariya ta ce dodon zamani ya ƙanƙance. Ta sa shi cikin ambulan ɗin tare da na farko.

Zuwa gare ku, masu karatu

'Yan'uwa, mun san akwatuna irin na Inna suna da yawa a gidajenmu. Mun kuma san yau kowane yaro yana yawo da kyamara a aljihu, ba ya jiran fim ya cika, ba ya jiran mako biyu. A wurin jana'iza ana kai waya har gaban fuskar matar mamaci. A asibiti ana ɗaukar marar lafiya bai san inda kansa yake ba, a aika wa jama'a da sunan neman addu'a. Yawancin masu yin haka ba mugunta ce ta sa su ba, mu ma ba mugunta ce ta sa mu ba. Amma fuskar mutum a lokacin rauninsa kayansa ce. Ana iya roƙonsa, ana iya jira har ya bayar da kansa, in kuwa an ɗauka bai sani ba, sai a mayar masa kamar yadda dattijon Funtuwa ya yi.

Ga iyayenmu kuma muna da roƙo, Inna ce ta ce mu haɗa da shi. In akwai abin da kuka naɗe cikin tsohon ɗankwali, kada ku jira sai ɗaki ya yi yoyo. Ku nuna wa wanda ya kamata ya gani tun yana da rai. Ku kuma 'ya'ya, kada ku yanke wa tsoho hukunci bisa ga hoton da ke bango. Watakila akwai na biyu.

Za ku lura ba a buga hoto ko ɗaya tare da wannan labari ba. Mun tambaye ta, ta ce labarin mu bayar ko zai amfani wani, amma hoton nata ne. Kafin mu aiko da takardar nan sai da muka karanta mata daga farko har ƙarshe. Ta saurara ba ta katse mu ba, sai wuri ɗaya. Mun rubuta kaji biyu ta sayar, ta ce uku ne, har da wata wake-wake mai yawan ƙwai. Mun gyara.